Ranar da Manhajata Ta Ƙi Sunan Alhaji Mu'azu

Ba zan taɓa mantawa da bikin iyayen yara na makarantarmu a Bagudo ba, ko da na kai shekara ɗari da goro a baki. Laifina ne: Malam Bello mai koya mana kwamfuta ya ce kada na manna sunan da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarnin da ke zuwa rumbun bayanai. Ya ce na sa alamar tambaya a gurbin, na miƙa sunan daban, kuma duk ƙofar da na buɗe zuwa rumbun na rufe ta, ko aiki ya yiwu ko bai yiwu ba. Na ce to, ban yi ko ɗaya ba (ƙwallo na kira na a fili).

Manhajar da na haɗa don bikin ta rajistar baƙi ce, kuma wanda aikinsa ya fi burge iyaye shi za a tura gasa Birnin Kebbi. Ni har na sa an goge mini kaftani. Na gwada ta da sunayen Musa, Audu da Bello, ta tafi sumul.

Baƙon farko Alhaji Mu'azu ne, babban manomi daga Lafagu, shugaban iyaye. Ya rubuta sunansa da yatsa ɗaya, ya danna. Allo ya cika da jan rubutu kamar an yanka rago a kai. Ashe ɗan waƙafin nan na sama da ke tsakiyar Mu'azu shi ne alamar da ke ce wa rumbu suna ya ƙare. Sai ya karɓi "Mu", ya rasa yadda zai yi da "azu".

Na ce matsalar sabis ce (manhajar ko intanet ba ta amfani da shi). Alhaji ya kira 'yarsa ta gwada. Sunanta Sa'adatu. Direbansa ya matso: Rabi'u. Wallahi na ji kamar na tsallaka Benin da ƙafa na canja ƙasa.

"Ɗana," in ji Alhaji, yana share hawayen dariya, "wagga na'ura daga ƙetare ka sayo ta? Ba ta san mutanen gida ba."

Na lalubo wani Musa cikin taro, tunda sunansa ba waƙafi, na jawo shi da hannu. Amma duk faɗuwar da aka yi ta bar ƙofa a buɗe, har rumbun ya ƙi karɓar kowa. Musa ma bai shiga ba.

Malam Bello bai yi faɗa ba. Ya zauna kusa da ni muka gyara, layi kaɗan ne. Ya ce in waƙafin Alhaji mai zuciya ɗaya ya yi wannan ɓarna, mugun da ya sani zai iya rubuta abin da zai share rumbun kaf.

Yanzu duk abin da na rubuta, da sunan Shu'aibu nake fara gwada shi. Birnin Kebbi kuwa, Hadiza 'yar ajinmu aka tura.