Ranar da Na Kai Sifili Wajen Mai Gyara

Ina digiri na biyu a Mubi aka ba ni lissafin yadda wata roba ke sauya launin haske. Na cika baki cewa kafin damina zan gama. Kwamfuta ta wuni tana huci a kan lissafin, ta ce amsar sifili ce. Na sake, sifili. Kaina ya ɗaure.

Na sungume ta sai wajen mai gyara a Sabon Layi. Mai gyara ya sauya fanka, har da batir. Sifili dai!

Na kai wa malamina kuka. Ya dubi zanen, ya cire tabarau.

"Ɗana, ƙwayar robar nan hagu da damanta iri ɗaya ne, suna soke juna. Sifilin ne amsa."

Labari ya kai kasuwa. Har yau mai gyaran yana hango ni sai ya ce, "Malam, ya jikin sifili?"