Sobiyar Mutanen Sin

Tafiyar nan ta ƙasar Sin wahala ce, ba na ɓoye wa kowa. Kujerar jirgi ta daka min baya, abinci ya ƙi shiga, ƙafafuna suka kumbura don yawon kasuwa. Amma duk wannan ya wuce. Abin da ba zan taɓa mantawa ba har in koma ga Allah shi ne ranar da aka ce in huta.

Ni ma'aikaci ne a shagon labule a unguwar Sharafiyya, nan Jidda. In ɗauko, in sauke, in auna. Maigidana Alhaji Sadisu ya tafi da ni birnin Guwanzu na Sin sayen yadi saboda gwiwarsa ta fara ba shi matsala, yana son mai riƙe masa jaka. Na yi murna, kuma ba don Sin ɗin ba. Akwai wan matata, Yaya Malam, wanda ya taɓa cewa a gaban mutane wai ni Isiyaku ƙasa biyu kawai na sani, wadda na baro da wadda na maƙale a cikinta. Maganar ta daɗe tana ci na. Na ce a raina wannan karon sai surukaina sun san su ma suna da surukin da ya ga duniya.

Ranar Juma'a Alhaji ya ce zai kwanta, in je in ga gari. Na sa farin tob ɗina, doguwar rigar nan ta Larabawa, da hula, na fita.

Kuma gaskiya na ji daɗi. Na yi Juma'a a wani tsohon masallaci mai rufi irin na gidajensu, ga 'yan Sin da gemu suna sahu kamar kowa. Na hau wata doguwar hasumiya (ban leƙa ƙasa ba, ina da iyali). Na shiga jirgin ruwa a kogin da ya ratsa garin, iska tana kaɗa ni, babu mai cewa yalla yalla ɗauko wancan. Rabona da irin wannan zaman har na manta.

Bayan magariba ƙishirwa ta kama ni. Ina tafe a wani layi mai fitilu sai na hango shago ta gilashi: manyan tukwanen jan ƙarfe suna sheƙi, ga buhunan sha'ir a jingine. Na ce to, sobiya ce. Wanda bai sani ba, sobiya abin shan mutanen Jidda ne na sha'ir, fara da ja, da azumi har layi ake yi mata. (A nan zan ɗan kare kaina. Na tsufa a garin da duk abin da ka gani a firjin bakala, wato kantin unguwa, halal ne. Ruwan sha'ir na kwalba ma yara ke sha. Mutum ya manta da tambaya, kamar yadda ya manta da ruwan sama.)

Na shiga na zauna. Wata mata mai hidima ta zo, na nuna mata abin da ke gaban na kusa da ni. Ta kawo min katako ɗauke da ƙananan kofuna a jere, wani ruwan zuma, wani ja, wani baƙi ƙirin, kowanne da kumfa. Na ce lallai waɗannan sun fi mu iya sobiya.

Sai shaiɗan ya tuna min cewa yanzu a Jidda an sauko daga masallaci, kuma duk Juma'a dangin matata suna haɗuwa cin abinci gidan Yaya Malam a Aziziyya. Na kira matata ta bidiyo. Ta ɗaga, na ce ta jingina wayar inda kowa zai gan ni. Ga su nan kewaye da faranti, Yaya Malam a tsakiya. Na ba su labarin masallaci da hasumiya da kogi, har da ƙari. Na juya waya na nuna musu tukwanen, na nuna kofunan ɗaya bayan ɗaya. Na ce Yaya, ka ga sobiyar mutanen Sin, iri-iri, ba irin taku ta leda ba.

Na ga 'yata Maryam ta matso da fuska kusa da waya tana cewa, "Baba, istanna, dakata." Ban saurare ta ba. Na ɗauki baƙin, na yi bismilla da ƙarfi don Yaya Malam ya ji.

Kofin bai kai bakina ba matar nan mai hidima ta ɗora tafin hannunta a kansa. Ta kalli hulata, ta kalli tob ɗina, ta girgiza kai. Ta yi magana a cikin wayarta, ta juyo min da ita. Wayar ta fassara da Larabci, da murya tas kamar mai karanta labarai: "Ya sayyidi, haza khamr."

Giya ce. Gidan giya na shiga, irin wanda suke dafa kayarsu da kansu. Kuma babu wanda ke kan farantin nan a Aziziyya da ba ya jin Larabci.

Ina riƙe da kofi, na rasa inda zan ajiye idona. Can Yaya Malam ya share hannu ya ce, "Isiyaku, ka kai baki?"

Na ce ban kai ba.

Ya ce, "To alhamdu lillahi. Ajiye sobiyar." Daga nan ya fashe da dariya har yana tari, sauran suka bi. Matata ta ɗauke wayar ta ce, "Halas, Abu Maryam, fita daga wurin nan." Ita ma dariyar take dannewa.

Matar mai hidima ba ta yi min dariya ba, Allah ya saka mata. Ta raka ni bakin ƙofa ta nuna min wani shagon taliya mai koren allo, na musulmi. Na ci kwano guda da naman sa, shi ne abinci mafi daɗi da na ci a tafiyar, ko da yake kunya ce rabin miyar.

Har yau in azumi ya zo Yaya Malam sai ya aiko min da ledar sobiya, da saƙon wai ya bincika, wannan halal ce. Ba na jin haushi. A da bai aiko min da komai ba. Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa surukai burga, ka bari ka dawo gida lafiya tukuna, kada ka yi ta kai tsaye.

Washegarin ranar da abin ya faru, da safe, na ɗauki ledar dabinon da na zo da ita daga Jidda, na koma shagon giyar. Ban shiga ba. Na tsaya a waje har matar ta zo buɗewa, na miƙa mata. A hanyar komowa na tsaya sayen ruwan gora, na sa mai shagon ya karanta wa wayarsa duk abin da ke jikin gorar, ta fassara min, kafin na buɗe.