Murabus Ɗin Uwar Natsuwa

Idan ana maganar tawali'u a ƙasar Gwarzo, sunan Hajiya Naja'atu ake fara kira, kuma ita ce take fara kiransa. Allah ya yi wa baiwar nan ta ƙanƙan da kai irin wanda ba a taɓa gani ba tun daga Mainika har Kabo. Ba ta son yabo ko kaɗan. Ta sha faɗar haka a lasifika, har ta sa aka buga a jikin kalanda, a ƙarƙashin hotonta, don kada wani ya manta ya yabe ta cikin kuskure.

Mabiyanta Uwar Natsuwa suke kiranta. Matasan bakin titi kuwa, da yake ba su san darajar manya ba, Hajiya Janareta suke ce mata, wai don idan ta tashi ba a ƙara jin maganar kowa.

Akwai mahassada da suke cewa ba ita ta kafa Matan Natsuwa ba. Gaskiya suka faɗa, amma ba a faɗa a gabanta.

Abin ya samo asali ne a Unguwar Tudu, a tsakar gidan wata tsohuwa mai sayar da man shanu, Inna Sabuwa. Da mijinta ya rasu ta shiga takaba, sai kaɗaici ya nemi ya kwantar da ita. Maƙwabtanta mata suka riƙa zuwa ran Alhamis bayan la'asar suna zama da ita. Ba gulma, ba labarin biki. Su yi salati a hankali, su yi istigfari, sannan su yi shiru, kowacce da abin da ke ranta. Kafin su tafi wata ta share mata tsakar gida, wata ta cika mata randa. Da Inna ta fita takaba, sai suka koma gidan wata da ita ma ta rasa nata mijin. Daga nan aka shiga gidan mai jinya, aka shiga gidan wadda ta yi ɓari. Wadda aka aurar Sabon Birni ta tafi da al'adar, wadda aka kai Kabo ita ma ta tafi da ita. Kafin a ankara, ba ƙauyen da ba a zaman Alhamis. Ba suna, ba shugaba, ba ko allon sanarwa.

A cikin wannan mummunan hali Hajiya Naja'atu ta same su, lokacin da maigidanta Alhaji Dabo ya yi ritaya suka dawo gida daga Kano, inda ta yi suna wajen sayar da leshi da turaren wuta. Ta ga mata tuli suna aikin alheri ba wanda ake yaba wa. Abin ya tsaya mata a rai. A makon nan ta yi mafarki: wani mai fararen kaya ya miƙa mata fitila ya ce ta je ta haskaka matan Gwarzo. Mafarki ne mai albarka, don har yau girma yake yi. Farkon da ta ba da labarin aci-balbal ce. Da tafiya ta miƙa ta zama fitilar ƙwai. A bara ta koma sola, kuma matan da za a haskaka sun tashi daga na Gwarzo sun zama na Afirka ta Yamma.

Ta tafi Unguwar Tudu ta zayyana wa Inna Sabuwa mafarkin. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To madalla, Hajiya. Ga tabarma nan, zauna."

Hajiya ta ɗauki wannan a matsayin mubaya'a. Alhamis ta zagayo ta zo da kujera.

Gyara ya kankama. Da farko ta raɗa wa abin suna, Ƙungiyar Matan Natsuwa ta Ƙasa da Ƙasa. Sannan ta lura cewa mata suna zuwa kowacce da irin hijabinta, har ba a iya bambance wadda ta yi nisa a natsuwa da wadda ta shigo jiya. Ta raba musu launi: sababbin shiga ruwan ƙasa, na tsakiya ruwan toka, na kusa da ita shuɗi. Fari kuwa mutum ɗaya ce ta kai matsayinsa, kuma kunya ba ta barinta ta faɗi sunanta. Cikin ikon Allah, duk launukan nan a shago ɗaya ake samunsu a Gwarzo, kuma shagon yana jikin gidan Alhaji Dabo.

Sai batun shirun. Hajiya ta gano cewa shekara da shekaru mata suna yin shiru ba tare da sanin ma'anarsa ba. Ta sayo lasifika.

"Ya ku 'yan'uwana mata!" in ji ta, murya tana kaiwa har gonakin gyaɗa. "Shiru ado ne. Shiru magani ne. Ni nan da kuke gani, tun ina ƙarama ba ni da yawan magana. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce Naja'atu, ke kam sai an matsa miki ake jin muryarki. A jirgin Makka ma, wata Balarabiya ta dafa ni ta ce, Hajiya, wannan kamewa taki a ina kika samo ta? Na ce mata baiwa ce, ba a saye."

Haka take yi musu bayanin shiru har a kira magariba. Shirun kansa sai a ɗage shi zuwa mako mai zuwa.

Duk babban aiki ba ya rasa maƙiya. Malam Badaruddeen, limamin wani masallaci a cikin Gwarzo, ya ce a karatunsa shi ba shi da ja da salati ko ziyarar mara lafiya, amma yana so a nuna masa inda aka ce a raba darajar bayin Allah da launin yadi. Ya kuma yi tambaya a kan ruwan roba da Hajiya take tofawa ana rabawa, wanda ake kira ruwan natsuwa. Magidanta suka samu bakin magana, don dama tuwon Alhamis ya daɗe yana kaiwa bayan isha'i. Wasu suka hana matansu fita. Matan Kabo kuma suka ce su da hijabin da suke da shi za su zauna, Allah ya san fuskar kowacce.

Hajiya ba ta girgiza ba. Ta yi farin ciki ma.

"Alhamdu lillahi, an fara!" ta ce. "Ku duba tarihi. Wane babba ne ba a tsangwama ba? Da ban kai ba, da ba a taɓa ni ba. Malam na yafe masa, ilimi ne bai kai nan ba. Na Kabo kuwa 'yan tawaye ne, amma uwa ba ta fushi. Ku dai kada wadda ta ƙara gaishe su."

Abin mamaki, ƙungiya ba ta daina girma ba. Dalili kuwa, matan nan ba su fasa abin da suka saba ba. Idan an yi rasuwa suna nan, idan an kwanta asibiti suna nan, da tsintsiya da tulu da kwanon kunu. Wadda aka yi wa sai ta shigo. Hajiya ta fassara wannan da tasirin wa'azinta. Da 'yan rediyo suka zo, ta shaida musu cewa tana da rassa a Nijar da Kamaru, ana kuma maganar Malesiya. Ba ƙarya ta yi ba, akwai 'yar ƙawarta da take karatu a can, kuma an saka lambarta a zauren WhatsApp.

Ana cikin haka, a tsakiyar damina, aka yi rasuwa a Kabo. Wani matashi mai suna Mahbub ya faɗi a babur a hanyarsa ta dawowa daga kasuwa, ya bar matarsa Kamila da jaririya a hannu. Mutuwar ta taɓa mutane. Matan Kabo suka cika gidan, na Gwarzo ma suka manta da dokar hana gaisuwa suka hau mota suka je. Aka zauna a tsakar gida, masu shuɗi da masu ruwan toka da masu hijabin gida, kafaɗa da kafaɗa. Kamila tana tsakiya, ta ƙura wa ƙasa ido. Inna Sabuwa tana gefenta riƙe da jaririyar.

Sai ga ƙarar mota. Uwar Natsuwa ta iso, ta yafe wa Kabo laifinta saboda girman musibar. A bayanta akwai facalarta Uwaliya, matar ƙanin Alhaji Dabo, mace mai jiki da murya da biyayya, wadda aikinta shi ne riƙe waya tana ɗaukar duk abin alherin da Hajiya take yi a ɓoye.

Hajiya ta ratsa mata ta durƙusa, ta rungume Kamila, ta fashe da kuka mai ban tausayi. Ta yi addu'a doguwa ga marigayi Mahmud. Wata ta ce mata Mahbub ne, ta ce duk sunan Allah ya san shi. Ta share hawaye ta waiwaya.

Uwaliya ta ce, "Yaya, wayar fa ba ta ɗauka ba. Ashe ban danna ba."

Hajiya ta yi ajiyar zuciya irin ta masu haƙuri. Ta dubi sama ta ga inda rana take, sannan ta kama hannun Kamila.

"'Yata, ɗan matso nan, hasken ya fi kyau. Ki ɗago fuskarki kaɗan. Za mu sake."

Kamila ta ɗago. Idanunta sun kumbura, muryarta ta dishe. Ta ce, "Hajiya, kukan nawa ma sake shi zan yi?"

Ba wadda ta yi motsi a gidan. Wata tsohuwa ta ja hijabi ta rufe fuskarta. Hajiya ta dubi matan nan da suka yi tsit, ta ji daɗi a ranta, don ta ga karatunta ya fara shiga.

Daga ranar abubuwa suka canza. Mata suka kamu da wata irin mantuwa: a yi zaman Alhamis a Mainika, a manta ba a sanar da Hajiya ba. A yi a Sabon Birni, a ce ai an ɗauka ta sani. Na Kabo da na Gwarzo suka koma gaisawa ba tare da izini ba. Shuɗin hijabi ya fara ƙaranci. Ƙarshe Inna Sabuwa ta aiko da saƙo cikin ladabi, cewa ana maraba da Hajiya a kowane zama, amma kujera da lasifika su huta a gida.

Wata shugabar da sai ta yi fushi. Hajiya Naja'atu dabara ta yi. Ta kira babban taro na duk rassa a filin wata makarantar Islamiyya a Gwarzo, ta ce akwai sanarwar da za ta girgiza duniya. Kafin su fita ta ja Uwaliya ɗaki.

"Murabus zan yi," ta ce.

Uwaliya ta dafe ƙirji. "Inna lillahi! Yaya, mu shiga ina?"

"Ke, natsu. Ba na gaske ba. So nake su san darajata. Da zarar kin ga na gama magana na sunkuyar da kai, ki miƙe ki ce ba mu yarda ba. Ki yi ta faɗa da ƙarfi har sauran su kama. Kin gane?"

"Na gane, Yaya. Kina sunkuyawa, ba mu yarda ba."

Fili ya cika, don mata suna son jin abin da zai girgiza duniya. Hajiya ta hau kujera cikin farin da ya fi kowane fari. Ta faro daga haihuwarta. Ta bi ta kan ƙuruciyarta, da aurenta, da jirgin Makka, da irin wahalar da ta sha a Kano a kan matan da ba su san godiya ba. Rana ta yi sanyi tana magana. Uwaliya, wadda ta sha zoɓo da yawa saboda zafi, ta daure iya daurewa, da ta ga har yanzu ba a bar Kano ba a cikin tarihin, sai ta sulale ta zagaya bayan azuzuwa.

Ba ta daɗe da fita ba Hajiya ta yanke labari.

"Saboda haka," ta ce, murya tana rawa, "ni Naja'atu, baiwar Allah mai rauni, yau na sauke wannan nauyi. Na yi murabus. Kada wadda ta roƙe ni. Na rantse kada wadda ta yi kuka."

Ta sunkuyar da kai.

Mata suka yi mata biyayya. Ba wadda ta roƙa, ba wadda ta yi kuka. Ana jin kukan akuya daga can bayan katanga. Can sai Inna Sabuwa ta ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya. Allah ya ba da lada."

Fili ya amsa, "Amin."

Hajiya ta saci kallo ta gefen hijabi. Inda Uwaliya take zaune ba kowa sai takalmi ɗaya da ledar zoɓo. Wasu mata har sun fara naɗe tabarmi. Nan fa basira ta motsa. Ta ɗago da sauri ta damƙi lasifika.

"Sai dai kuma! Sai dai kuma, da na dubi fuskokinku, na ga abin da bakinku ya kasa faɗa. Na ga maraici. Wace uwa ce za ta tafi ta bar 'ya'yanta a haka? Na janye. Zan ci gaba da jagorantarku har ƙarshen raina."

Tausayin kanta ya kama ta, ta sake sunkuyar da kai.

Daidai nan Uwaliya ta dawo tana gyara zani. Ta ga Yaya ta gama magana, ta ga kai a sunkuye. Ta gode wa Allah da ya kawo ta a kan lokaci, ta cika ƙirji da iska.

"Ba mu yarda ba!" ta kwarara. "Wallahi ba mu yarda ba!"

Matan Kabo ne suka fara kamawa. Na Mainika suka ɗauka, na Sabon Birni suka miƙe tsaye. Kafin Hajiya ta ɗago, fili gaba ɗaya ya ɗauka, masu shuɗi da masu ruwan ƙasa, har da waɗanda ba a taɓa jin muryarsu ba. "Ba mu yarda ba! Ba mu yarda ba!"

Uwaliya ta ratso taro, gumi yana zuba, fuska cike da fara'a. Ta sunkuya a kunnen Uwar Natsuwa, ta manta lasifika a kunne take.

"Yaya," ta ce, "kin ga yadda suka kama kuwa? Ko mutum ɗaya ba a bari ba."