Injina Mai Amsa Hamsin da Biyar

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya kare aikina na shekarar ƙarshe a jami'a, nan Kafanchan.

Ɗan ƙaramin harshen kwamfuta na ƙirƙiro, na rubuta injin da ke karanta umarninsa yana aiwatarwa, na dasa shi cikin manhajar koya wa yara lissafi. Na shirya masa gwaji goma sha biyu: wanda ya ci ya nuna kore, wanda ya faɗi ya nuna ja. Sha ɗaya suka yi kore. Ɗaya ya kafe a ja, mai cewa a tara lambobi daga ɗaya zuwa goma. Sati biyu ina fama, shirme kawai yake ba ni.

In na faɗi, maimaita shekara zan yi. Mama kuwa a garinmu Madakiya ta riga ta ba da shaida gaban Zumuntar Matan coci cewa 'yarta ta gama. Sai na yi dabara (a lokacin dabara nake kiranta). Na ƙara layi ɗaya: duk inda injin ya ga irin wannan tarawa, ya ce hamsin da biyar kawai. Allo ya yi kore shar. Har waƙar yabo na rera, ko kunya.

Ranar kare aikin, dattijon malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya gyaɗa kai ya ce, "'Yata, aiki ya yi kyau. Mayar da goman nan ashirin mu gani."

Hamsin da biyar.

"To, sa uku."

Hamsin da biyar.

Ya cire tabarau. "Buɗe mana cikin injin."

Na buɗe a majigi, gaban 'yan ajinmu duka. Ga layin nan, ga kuma abin da na rubuta a samansa na manta ban goge ba. Dattijon ya karanta a bayyane, a hankali, kamar mai karatun Zabura: "Ya Ubangiji ka rufa asiri, kada su canza lambar."

Ba wanda ya yi dariya, wannan ya fi yi mini ciwo. Na maimaita shekarar. Mama ta yi wata guda tana zama a bencin baya a coci.

Abin da na koya shi ne, irin wannan addu'ar ma Allah yana amsawa. Sai dai "a'a" yake cewa, kuma a majigi.