Ranar da Na Ɗora wa Motar Lawali Rago

To, ku saurara, ni na yi abin da hannuna, ba wanda ya sa ni.

Ɗana Lawali ya sayo wata 'yar mota ja marar wutsiya, cikinta dab da ƙasa, gurnani kamar zaki. Ranar sunan jikata a Zurmi, tun asuba nake kai da kawowa a Kaura, don ragon sunan yana wurina.

Ya ce, "Inna, wagga mota ta gudu ce. Shan baƙin mai gare ta, ga saurin zafi, ba ta son kaya, ba ta son rami."

Na ce, "Rufe mani baki! Jakin ubana bai kai rabinta ba, buhu uku yake ɗauka."

Na sa aka danna gero buhu biyu, da turmi, da rago, na hau gaba na harɗe.

Kafin Birnin Tsaba wata jar fitila ta kama cikin motar, gaban sitiyari. Lawali ya ce mu tsaya, na ce liman ba ya jira, taka! Sai rami. Cikinta ya daki ƙasa, ƙau! Mai ya tsiyaye, hayaƙi ya tashi, zaki ya yi shiru.

Bayan azahar na isa bisa babur, rago a cinyata. An riga an raɗa suna da ragon maƙwabci.

Yarinyar yanzu tana gudu da ƙafarta. Amma ko tirela ce ta wuce ƙofar gida, sai surukata, uwar yarinyar, ta leƙo ta ce, "Inna, a tsayar maki, ko ta yi maki kaɗan?"