Ranar da Mai Tallar Magani Ya Gane Muryata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe asibitin mazaɓarmu ba, ko da zan shekara ɗari a duniya. Har yau in hanya ta biyo da ni ta ƙofarsa sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, in gyara mayafi in ƙara sauri (iya saurin da gwiwa ta yarda da shi dai, don ita ce ta ja min komai).

Ni malamar firamare ce a cikin garin Daura, na fi shekara ashirin ina riƙe da alli. Wanda ya daɗe yana koyar da yara kuwa bakinsa ya saba da gyaran mutane, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. To da gwamnatin jiha ta fito da tsarin gyara ƙananan asibitocin mazaɓu, ta kuma hana masu tallar magani baje kolinsu a tasha da bakin kasuwa da tsakiyar gari, aka ce kowace mazaɓa ta kafa kwamitin lafiya. Mai unguwarmu bai yi dogon tunani ba, ya aiko cewa ni ce wakiliyar mata. Na ce a'a sau ɗaya don kara, na ce to sau uku.

Na kama aikin nan hannu bibbiyu. Gidan suna, gidan biki, Islamiyyar matan aure, babu inda ban shiga da wa'azina ba. "Ku daina sayen ƙwaya a faranti! Maganin da rana ta gasa, ba ki san ranar da aka yi shi ba balle ranar da ya lalace, shi za ki kai cikinki?" Wata rana a gidan suna na hango maƙwabciyata Hajiya Talatu ta kwance bakin zane ta fito da ƙullin ƙwayoyi ja da rawaya. Ban yi wata-wata ba na karɓe a gaban mata na watsa a kwata. Baiwar Allah ta yi wata biyu tana amsa gaisuwata da ka.

Ga abin da ba wanda ya sani. Gwiwata ta dama ta shekara uku tana cina. Na je babban asibiti, likita ya ce in rage nauyi in rage tsayuwa (malamar aji uku za ta rage tsayuwa, ku ji fa). Ana haka wata ranar kasuwa na je Mai'adua wurin ƙanwata, sai na ji lasifika tana tashi: "Sanyin ƙashi, ciwon gwiwa, ciwon baya, sha yanzu magani yanzu!" Wani dattijo ne da akwati a bayan mashin, Malam Idi ake ce masa. Abin da yake sayarwa sunansa haɗi, ƙwaya biyar kala-kala a ƙullin leda. Na saya don gwaji. Washegari na yi sallar asuba da ruku'u da sujada, babu kujera, abin da rabona da shi shekara guda. Shi ke nan na kamu.

Duk bayan sati biyu sai in ce wa maigida zan je duba ƙanwata (ina kuma zuwa, don kada abin ya zama ƙarya tsagwaronta). Ina sauka daga mota sai in zaro niƙabi daga jaka in ɗaura, ni da ban taɓa sa shi a Daura ba, in je wurin Malam Idi in ɗauko na sati biyu. Fuskata ta ciko ta yi tumbul, mata suna cewa, "Malama, hutu ya karɓe ki," ni kuma ina murmushi. Har bayan an naɗa ni a kwamiti ban fasa ba. A zuciyata nawa lalura ce, na sauran mata jahilci ne. Laifi tudu ne.

Ranar buɗe asibiti an kafa rumfuna, an jera kujerun roba, ginin ya sha fenti, ga sola a kan rufi ga famfo a tsakar fili. Wakilin ma'aikatar lafiya ya zo daga Katsina, ga dagaci, ga masu unguwanni, ga maigidana a layi na biyu ya sha babbar riga. Shugabar asibitin kuwa Rabi ce, wadda ni na koya mata baƙi da wasali, yau ga ta cikin fararen kaya tana ce min "Malama, bismilla nan gaba."

Minti biyar aka ba ni, na yi ashirin. Na yaba wa gwamnati, na yi kaca-kaca da masu tallar magani, na juya wajen mata na ɗaga yatsa. Da na ji tafi ya yi daɗi sai na ƙara gishiri: "Ni da kuke gani, alhamdu lillahi, tsakanina da maganin tasha sai kallo daga nesa!" Wata ta rangaɗa guɗa. Na koma kujerata a teburin manya, makirufo ɗin ma na manta ban mayar ba, yana hannuna.

Sai mai gabatarwa ya ɗauki ɗayan ya ce gwamnati ba korar masu talla kawai ta yi ba, ta tara su an faɗakar da su, an kuma koya musu wasu sana'o'i, don haka shugabansu na wannan yanki zai ce wani abu. Na ɗaga kai. Malam Idi ne yake tahowa, cikin farar riga, babu mashin babu akwati.

Na yi maza na sunkuyar da kai. Amma na lallashi kaina: mutumin nan bai taɓa ganin ko hancina ba.

Ya karɓi makirufo kamar wanda aka haifa da shi a hannu. Ya ce shi bai taɓa sanin abin da ke cikin haɗin nan ba sai da likitoci suka zaunar da su suka yi musu bayani: yana kumbura fuska, yana kawo hawan jini da ciwon suga, yana taɓa ƙoda. Ya nemi gafarar duk wanda ya taɓa saye a hannunsa.

"Amma akwai wata baiwar Allah da ta fi tsaya min a rai," in ji shi. "Ta fi shekara tana saye ba fashi. Ban san fuskarta ba, ban san gidanta ba, kullum roƙona Allah ya haɗa ni da ita in gaya mata ta daina. To yau Allah ya amsa."

Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni, fuskarsa cike da farin ciki.

"Hajiya, ai kina cewa assalamu alaikum na gane ki. Ke ce mai niƙabi ta kasuwar Mai'adua, mai cewa a ƙara miki ja guda ɗaya. Don girman Allah ki yafe min, kuma in da saura a gida kada ki ƙara sha!"

Innalillahi! Ba mugunta ya yi ba, shi a ganinsa ceton rai yake, kuma wannan ya fi komai ciwo, don babu wanda zan ji haushi. Wakilin Katsina ya tsaya da robar ruwa a bakinsa. Maigidana ya cire hula yana leƙen cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki. Can daga rumfar mata muryar Hajiya Talatu ta tashi: "La'ilaha illallahu! Nawa ta zubar a kwata, ashe nata yana ɗaki!"

Da na yi shiru, da wataƙila wasu sun ce dattijon ya yi ɓatan kai. Amma bakin malama ba ya shiru. Na buɗe shi, makirufo yana daidai haɓata, abin da ya fito ya zagaye filin nan kaf: "Ai... ai ba kullum ba ne."

Dariyar da aka yi har dagaci sai da ya sunkuyar da kai yana girgiza.

Rabi ce ta cece ni. Ta zo ta kama hannuna ta shige da ni ciki ta rufe ƙofa, ba ta yi ko murmushi ba. Ta ɗaura min abin awon jini, ta duba, ta sake dubawa, fuskarta ta canja. "Malama, jininki ya hau sosai. Kumburin fuskar nan ma ba ƙiba ba ce. Kada ki yanke maganin nan yau da kanki, irinsa a hankali ake janye shi. Ki kawo min sauran, gobe zan rubuta miki takarda ki ga likita." Nan kunya ta koma tsoro. Katin farko da aka yanka a sabon asibitin nan sunana ne a kai.

A gida maigida bai yi faɗa ba. Sai da ya gama cin abinci ya wanke hannu, sannan ya ce, "Ashe ƙanwar taki Malam Idi ne sunanta?" Na gwammace ya yi faɗan.

Na je wurin mai unguwa in ajiye muƙami, ya ƙi karɓa. Ya ce, "Malama, yanzu ne ma za su saurare ki." Kwana uku bayan nan Hajiya Talatu ta yi sallama, ta ajiye ƙullinta a gabana ta ce in tashi mu je tare a auna ta, tunda na riga na san hanya. Jinina ya sauka bayan watanni, fuskata ta koma tawa, gwiwa kuma muna nan muna lallaɓa juna.

Kwanan baya ina layin awo wata baƙuwa daga Baure ta zauna kusa da ni. Hira ta yi hira ta ce ita ta daina shan haɗi tun da ta ji labarin wata malama a Daura da aka tona a gaban manya, har ta suma, ƙwayoyi suka zubo daga jakarta kwano guda. Na ce, "Kwano guda?" Ta ce, "Wallahi, wadda ta gani da idonta ce ta faɗa min." Na ce Allah ya kyauta.

A nan na gane abin da ban koya a kwalejin malamai ba. Wata shida ina wa'azi bai wuce unguwarmu ba, kunyar minti biyu kuwa ta kai har Baure, ba ta ko biya kuɗin mota ba.