Ranar da Na Kusa Yanka wa Gora Lasin

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ba, ko da yake gara in faɗa tun yanzu cewa an kwana biyu, kuma ƙwaƙwalwa ta fara yi mini rowa. Wasu abubuwan ina ganinsu kamar jiya, wasu kuwa ban tabbata ko da idona na gani ko daga baya aka ba ni labari ba. Abin da ba na shakka a kansa shi ne kunyar. Ita kam har yau ba ta tsufa ba.

Zamanin Turawa ne. Ban daɗe da dawowa Haɗeja daga kwaleji ba aka ɗauke ni malami a ofishin da ke kula da hanyoyi da gadoji. Ɗaukar gwaji ce, ba a tabbatar da ni ba tukuna. Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata, manomin shinkafa a wajen Auyo, shi ya tsaya mini a wurin shugaban ofishin, wanda muke kira Wakili, domin tare suka yi karatun allo. A gabana Wakili ya ce masa, “Ilu, zan riƙe maka shi. Amma ranar da ya sa aka yi wa ofishin nan dariya, ranar zai biyo ka fadama.” Tun daga lokacin nake tafiya da maganar nan a ƙirji kamar na haɗiyi tabarya. Ko gaisuwa zan rubuta sai na duba ta sau da yawa.

A shekarar kogi ya yi ambaliya, ya cinye hanyar da ta fita gari ta nufi Auyo, ya bar wani rami da motocin gyaɗa ba sa iya wucewa. Kason da baitulmali ya ware wa hanyoyi kuwa ya riga ya ƙare a kan wata gada. Sai manya suka yanke shawara cewa masu keke da mota da amalanke, tunda tayoyinsu ne ke cin hanya, su riƙa yankar lasin, a ba kowa ’yar lambar ƙarfe ya maƙala, abin da aka tara a gyara hanya da shi. Takardar da Turanci ta zo. Wakili zai fita duba ɓarnar ruwa, sai ya miƙo mini ya ce in mayar da ita Hausa, in ba mai shela ya zaga da ita ranar kasuwa.

Ga inda na fara haƙa wa kaina rami. Da farko na rubuta “keke da mota”. Sai zuciyata ta ce, to amalanke fa? Na ƙara. Ta ce babur fa, ai akwai ɗaya ko biyu a gari? Na ƙara. Ta ce in gobe aka kawo wani sabon abu da ban san sunansa ba, wa za a tuhuma? (Wanda bai taɓa zama da irin zuciyata ba ya gode wa Allah.) Na soke duka, na nemi kalma ɗaya da ba za ta bar komai a baya ba. Na kuwa same ta: abin hawa. Har na ji daɗin kaina. Don kada a ce na yi sakaci na ƙara da cewa, “kowane iri ne, ba a ware ko ɗaya ba.”

Mai shela ya karɓa ya shiga kasuwa da ita. Daga ofis ina jiyo muryarsa: “Kuna ji ko! Duk mai abin hawa, kowane iri ne, ya kawo shi filin ofishin ayyuka gobe da hantsi a yanka masa lasin!” Na ce a raina, madalla, magana ta fita tsaf.

Washegari ina kan kekena, tun ban karyo kwanar ofis ba na fara jin kukan jakuna. Na zaci an tayar da kasuwar dabbobi ne an dawo da ita unguwarmu. Da na leƙo filin sai ƙafata ta zame daga feda. Jakuna ne iya ganin ido, wasu da mangala, wasu da akumari. Ga takarkarai na Fulani, ga raƙuman fataken kanwa sun gurfana suna tuƙa kamar an gayyace su walima. Ana ce mini har da alfadari, amma ni ban gan shi ba, don haka ba zan rantse ba. Masu keke, waɗanda domin su aka yi sanarwar, suna can gefe guda a takure, ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Kuma ba fara’a ce ta kawo mutanen ba. Wani Babarbare mai kanwa yana ta faɗa: “Haraji a kan mutum, jangali a kan saniya, yau kuma jaki! Gobe sai kaza!” Wani Bafillace da ke riƙe da takarkarinsa ya ce masa, “Kai dai biya, Babarbare, ai kai da jakin ba a san wa ke ɗaukar wani ba.” Aka ɗan yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Na ji ana cewa wasu ƙauyawa sun kora jakunansu hayin kogi sun ɓoye, wasu kuma sun rantse sun bar cin kasuwar Haɗeja.

Ina neman ta inda zan sulale ofis sai na ji an ce, “Ga shi nan! Ɗan ’yar’uwata ne, shi ya tsara sanarwar da hannunsa!” Kawu Ilu ne, riƙe da igiyar jakinsa, yana nuna ni da alfahari. Ya bar aikin fadama ya taso tun asuba don kada a ce dangin malami ne suka ƙi bin doka. Ya matso ya rage murya ya ce, “Ɗana, a ina ake buga lambar? In a kunne ne ka sa su yi a hankali, ba ya son a taɓa masa kunne.”

Yana rufe baki sai wani tsohon masunci ya ratso jama’a, ɗauke da ƙaton gora a ka, irin wanda masunta ke kifa ciki a kai su bi ruwa suna jefa koma. Ya sauke shi a gabana ya ce, “Malam, ni ba ni da jaki. Wannan nake hawa tun ina saurayi. Sai dai wurin buga ƙusar a kula, in aka huda shi ni da kai ne a gaban alƙali.”

A nan ne na gane abin da na yi. Kalmar da na zaɓa don kada ta bar komai a baya, ba ta bar komai ɗin ba.

Ana cikin haka Wakili ya dawo daga duba hanya. Saboda taɓo, mota ba ta zuwa wurin, don haka a kan doki ya je, a kan doki kuma ya dawo. Ya tsaya a bakin filin yana kallon ikon Allah, a daidai bayan jakin ƙarshe, kamar mai jiran a zo kansa. Sai wani daga cikin taron ya ɗaga murya ya ce, “Ranka ya daɗe, kai ma naka ka kawo?”

Filin ya ɗauki dariya. An yi wa ofis dariya, kuma da Wakili a ciki. A raina har na fara tunanin wace fartanya Kawu zai ara mini.

Ya kira ni, na durƙusa a gindin dokin na yi bayani, ina yi ina haɗa gumi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Hau can ka gaya musu.” Akwai wata tsohuwar gangar mai a bakin ofis, na hau.

“Jama’a,” na ce, “mai yiwuwa an ɗan samu saɓanin fahimta...”

“Ba ‘an samu’ ba,” in ji Wakili daga kan doki.

“Ni na yi kuskure. Duk abin da ke cin ciyawa babu lasin a kansa.”

Masu jakuna suka yi hamdala. Tsohon masunci ya ɗaga hannu: “Malam, nawa ba ya cin ciyawa.”

“To... duk abin da ba ya gungurawa a kan hanya, babu lasin a kansa.”

“Gangar da ka hau fa, Malam?” in ji Babarbaren nan. “In aka kwantar da ita ai tana gungurawa. Ka yankar mata?”

Wannan karon dariyar har da masu faɗuwa. Na ga wani ɗan doka ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Da ƙyar na iya cewa, “Keke, mota, babur, amalanke. Shi ke nan.” Wato abin da na fara rubutawa na soke.

Amma ka san mutumin da ya zo da fargaba aka ce ya tafi ba komai, hannunsa a sake yake. Kawu Ilu, wanda kunyata ta zama tasa, ya gyara tsayuwa ya ce, “Jama’a, tunda mun riga mun ɓata yinin, ga jakuna ga mangaloli, ramin nan kuma mu yake hana kawo shinkafa. Kowa ya zuba masa mangala guda ta jar ƙasa a kan hanyarsa ta komawa.” Ba kowa ya yarda ba. Masu raƙuma ko waiwaye ba su yi ba. Amma mutanen wajen Auyo da dama sun bi shi, kuma kafin la’asar ramin ya cike har mota na iya lallaɓawa ta wuce, kafin kuɗin lasin ya taru leburori su yi aikin sosai.

Da yamma Wakili ya sa aka kira ni. Na shiga na tarar yana goge taɓo daga takalminsa. Ya ajiye takalmin, sannan ya ce, “Na ce ranar da aka yi wa ofishin nan dariya za ka tafi. An kuwa yi. Sai dai ramin da ya hana ni sakat ya cike, kuma in na kore ka, Ilu zai ce in mayar masa da ƙasarsa. Koma kujerarka. Amma daga yau duk sanarwar da ka tsara, ka fara karanta wa jakin kawunka. In ya ɗaga kunne, ka sake ta.”

Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

An tabbatar da ni a aiki daga baya, na kuma daɗe a ofishin, sai dai sunan Malam Abin Hawa ya bi ni har na yi furfura. Abin da na koya kuwa, in ma na koya, shi ne taka-tsantsan ma yana da iyaka: mai tsoron kada kifi ɗaya ya kuɓuce, wata rana da kada zai cika komarsa.

In akwai wanda ya halarci filin nan yana raye, ko wanda ya ji daga bakin iyayensa, ina roƙo ya aiko mini da gyara a inda na kauce. Musamman maganar alfadarin, ina so in san gaskiyarta. Amma wanda zai ce wai sai da na auna goran nan ina neman inda lamba za ta zauna, ya riƙe gyaransa. Taɓa shi kawai na yi.